Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Gaisuwa ga mutanen Madekali da Garu da Gene da cikin garin Malanbil har zuwa Karimama. Gaisuwa ga na ƙetaren ruwa, mutanen Gaya da Kamba, da na Lolo da Illo a jihar Kebbi. Makiyayin da ke rugga da rediyo rataye a kafaɗa, da ɗan kasuwar da ke zaune bisa buhu yana jiran mota, da uwar gida da ke gaban murhu, duk muna yi muku fatan alheri.

Yau hirarmu ba ta manyan mutane ba ce. Za mu yi magana a kan ƙananan ayyuka, irin waɗanda mutum kan ce “bari sai an jima”. Ɗinke bakin buhu, duba igiyar maraƙi, rubuta bashin da aka ɗauka da hantsi, cire kaska, sa waya caji. Iyayena da ke saurare, ku gafarce ni, na san kun riga ni sanin waɗannan abubuwa tun ban zo duniya ba. Tunatarwa ce kawai, kuma akwai dalilin da ya sa ta fi kamata da mu mutanen bakin iyaka.

Ku duba inda Allah ya ajiye mu. Madekali na ƙasar Benin, cikin gundumar Malanbil a jihar Alibori. Gabas da mu Najeriya ce, arewa da mu kogin Kwara ne, bayan kogin kuma Nijar. Ƙasa uku, kuɗi iri biyu, dokoki iri uku. Manyan abubuwan da ke juya rayuwarmu ba a hannunmu suke ba. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. A ƙarshen watan Yulin 2023, bayan juyin mulkin Yamai, aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano a kan hanyar Kandi suna jira. A Fabrairun 2024 ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi, amma ɓangaren Nijar na gadar ya ci gaba da zama a rufe, mutane da kaya suka koma kwalekwale. Babu wanda ya nemi shawarar makiyayin Madekali ko 'yar kasuwar Gaya kafin a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan.

To, tunda babba ba namu ba ne, me ya rage a hannunmu? Ƙaramin. Kuma idan kuka lura, ranar da babban abu ya faɗo, wanda ya fi shan wahala shi ne wanda ƙananan ayyukansa suka taru. Katinsa ya ƙare bai sabunta ba, dabbobinsa ba su da takardar allura, bashin da yake bi na cikin kansa kawai. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuwa a nan ba mu san ranar tafiyar ba, shi ya sa gorarmu ya kamata ta kwana a fafe.

Bari mu fara da rugga.

Kai makiyayi, ka san kaska. Ana raina ta don ƙanƙanta, amma macen kaska guda idan ta sha jini ta ƙoshi ta faɗi ƙasa, dubban ƙwai take zubawa. Wato wadda ka gani yau ka ce sai gobe, ita ce garken kaskar da za ka yi fama da shi baɗi a wannan makwancin. Babbar kaskar nan mai zane a baya, wadda ke yawaita da farkon damina, tana son hantsa da ƙirji da ƙarƙashin wutsiya. Inda ta ciji sai ya zama gyambo, ƙuda ya bi, kan nono ya lalace. Saniyar da ta rasa kan nono ɗaya ta rasa shi ke nan har ƙarshen rayuwarta. Ita ce kuma ke buɗe wa kirci ƙofa, kun kuwa san yadda kirci ke karya kuɗin sa a kasuwar Gene.

Masu bincike a cibiyar CIRDES da ke Bobo-Dioulasso a Burkina Faso sun lura da wani abu mai amfani game da wannan kaska. Lokacin da shanu ke kiwo, ba ta hawa hantsa kai tsaye. Tsakanin kofato take fara maƙalewa, sai dabba ta dawo ta kwanta sannan ta tashi ta koma hantsa da ƙirji. Kun ga ke nan, dubawar yamma, lokacin da garke ya shigo, tana da riba sosai: kana tare ta tun tana ƙafa. Wadda ka cire kuma kada ka jefar a makwanci. Ka sa ta a wuta.

Sai maganar ruwa. Mu mutanen kwarin kogi ne, fadama da tabki sun kewaye mu, ga Kwara ga Sota. Ni'ima ce, amma a cikin ruwan da ke kwance akwai ƙananan dodon koɗi da ke ɗauke da tsutsar hanta. Dabba na cin ciyawar bakin ruwa ta haɗiye ta, ba za ka ga komai ba sai bayan watanni: rama, kumburi a ƙarƙashin haɓa, nono ya ragu. Mahauta sun fi kowa sani, don su ne ke yanka su tarar da hanta ta lalace su zubar. Maganin na nan, amma lokacin ba da shi ne ke da muhimmanci. Ka tambayi malamin dabbobi na yankinka wane wata ya dace da mashayarka, ka riƙe watan. Ka kuma tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a sha nonon dabbar da aka yi wa magani, domin 'ya'yanka ne ke fara sha kafin ya kai kasuwa.

Allurar rigakafi ma ƙaramin aiki ce, wuni guda ne a shekara. Dattawa na tuna bushiya, cutar da ta riƙa share garke sukutum. A shekarar 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya, kuma abin da ya kawar da ita shi ne makiyaya da suka riƙa kora shanunsu wurin allura shekara bayan shekara. Yanzu an sa wa annobar awaki da tumaki ido, mai zuwa da zawo da majina da gyambon baki, wadda likitoci ke kira PPR. An ɗauki shekarar 2030 a matsayin lokacin da ake son ganin bayanta. Allura ɗaya na kare akuya shekara uku ko fiye. Ita kuwa ta ciwon huhun shanu, sai an riƙa maimaitawa. Idan aka yi sanarwar ranar allura, inna, akuyoyin nan naki uku na bayan ɗaki su ma suna ciki. Su ne asusunki ranar da yaro ya kwanta ciwo.

Bayan allura, karɓi takarda. Tun a 1998 ƙasashen CEDEAO suka amince da takardar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ke nuna yawan garke, alluran da aka yi masa, da hanyar da zai bi. Abubuwa sun sauya tun daga lokacin: a Disamban 2019 Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare, a Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. Doka na iya sake juyawa gobe. Amma ko wace irin doka aka kawo, jami'in da ya tare ka zai tambayi shaidar allura, mai saye daga nesa ma haka. Ka naɗe ta a leda, ka sa ta wuri guda da katinka, ka sa yaro ya ɗauke ta hoto a waya.

Akwai aikin da ya fi waɗannan duka ƙanƙanta, kuma shi ya fi su haɗari idan aka bari. Ƙirga garke da magariba, da duba dangwali da shinge kafin a kwanta. A ce igiyar maraƙi ta fara cinyewa, ka gani da safe, ka ce sai ranar kasuwa. Da tsakar dare ta tsinke. Maraƙi ya fita, uwar ta bi shi, biyu suka bi uwar. Kafin asuba suna cikin shinkafar wani ko albasarsa, abin da ya yi wata uku yana ba ruwa. Kun san sauran labarin, ba sai na faɗa ba. In an yi sa'a a ƙare gaban mai gari da biyan ɓarna. In ba a yi sa'a ba, wani ya ɗaga sanda, magana ta bar kan shinkafa ta koma kan ƙabila, rugga da ƙauyen da suka yi shekara talatin suna musayar nono da hatsi su daina gaisawa. Duk a kan igiyar da kuɗinta bai kai na goron safe ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kai ma manomi kana da naka rabon a nan. Burtalin da aka shata ba gona ba ce. Kunya biyu da ka ƙara a cikinsa bana, huɗu da maƙwabcinka zai ƙara baɗi, su ne ke toshe hanyar mashaya har garke ya rasa inda zai bi sai ta cikin amfanin wani.

Yanzu mu taka zuwa kasuwa.

Alhaji, Hajiya, ku da ke kai kaya kasuwar Malanbil ta ƙarshen mako, ku yi mini haƙuri in tambaye ku: bashin da kuke bi, a ina yake? Da yawa za su ce yana nan a kai. Kai kuwa yana ɗauke da kuɗin mota, da na duwan, da na 'yan dako, da rashin lafiyar gida. Mutum ya karɓi buhu biyu na masara ranar Juma'a, wani ya karɓi rabin buhun gari ranar Asabar, kafin wata ya zagayo an fara “ni dai na san ɗaya da rabi ne”. Daga nan zumunci ya fara tsami.

Mu a nan muna da ƙarin matsala da mutanen cikin ƙasa ba su da ita. Lissafinmu iri biyu ne. A sefa muna ƙirga da dala, dala ɗaya tamma biyar ce. Idan mutumin Gaya ya ce “ɗari”, ɗari biyar yake nufi a rubuce, idan ya ce “jika” dubu ɗaya ce. Mutumin Lolo kuwa in ya ce “dubu”, naira dubu yake nufi. Saboda haka idan za a rubuta bashi, a rubuta abu huɗu: sunan mutum, ranar, adadin da lambobi, da irin kuɗin. Na huɗun nan kada a raina shi. Sefa a ɗaure take da kuɗin Yuro, kusan 656 a kan Yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa an sake ta a watan Yunin 2023. Dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin lokacin, ta haura 1,400 a farkon 2024. Wanda ya ba da kaya bashi da naira ya yi wata shida bai waiwaya ba, an biya shi cif, ba a cuce shi ko kwabo ba, amma da ya je canji sai ya tarar abin da ke hannunsa ba zai sake sayen kayan ba. Tun ranar bayarwa ake faɗa: da sefa za a biya ko da naira, kuma yaushe.

Wani zai ce ai ni ban yi lakwal ba. Ba hujja ba ce yanzu. Mai ajami ya rubuta da ajami. Mai yaro a makaranta ya ba shi littafi na musamman, kowace yamma minti kaɗan. Mai WhatsApp ya yi saƙon murya a gaban wanda ya karɓi kayan, ya faɗi suna da rana da adadi, ya tura masa, kowa na da shaida. Abin da ake so dai shi ne kada rana ta faɗi bashin bai fita daga kai ya shiga wani wuri ba. Haka saƙon da kamfanin waya ke turowa idan an aika kuɗi ta MoMo ko Moov Money, kada a goge shi sai an daidaita lissafi.

Kun tuna canjin kuɗin Najeriya? A Oktoban 2022 babban bankin ƙasar ya ce zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar ƙarshe, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Wata uku aka bayar. Amma mu na bakin iyaka, masu ajiye naira a buhu da ƙarƙashin katifa, da yawa ba mu motsa ba sai da kwanaki suka rage. Aka yi ta gudu, aka yi ta canzawa da hasara. Daga baya kotun ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin, amma wanda ya riga ya sayar da nasa da araha, ya sayar. Wanda ke da al'adar ƙirga kuɗinsa duk mako ya san nawa ne na naira, nawa ne na sefa, shi ya rage su a hankali tun ana cikin natsuwa.

Sai mangaza, wato sito. Mai albasa ya sani, guda ɗaya ta ruɓe a tsakiyar tari, in ba a tsince ta ba sai ta ja na kusa da ita. Zagaya rumbun albasa da hanci da hannu duk bayan kwana biyu ba ya cin rabin awa. Mai wake kuma, buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba, don iska yake hana su. Amma sharaɗinsa biyu ne: kowace leda a ɗaure bakinta daban, kuma kada a samu huda. Kafin ka zuba wake, hura ledar ka matse ka ji ko tana fitar da iska. Ƙusa ɗaya a jikin bango ko haƙorin ɓera ɗaya ya isa ya mayar da shi buhu kamar kowane. Buhun shinkafa da na masara kuma kada su taɓa ƙasa ko su jingina da bango. A shimfiɗa katako ko itace a ƙarƙashi. Danshi ba ya sallama idan zai shiga.

Wannan ya kawo mu ga ruwan kogi. Kowa a Malanbil da Karimama ya san watan Agusta da Satumba. Ruwa na cika, wasu shekarun ya tsallake gaɓa ya shiga gonaki da gidaje. Wannan ba baƙo ba ne da zai zo ba sanarwa, kusan kowace shekara yana leƙo mu. Aikin watan Yuni da Yuli ke nan: a yashe magudanar ƙofar gida, a ɗaga buhuna, a san tudun da za a kai dabbobi a kuma yi magana da mai tudun tun da wuri, a haɗa takardun haihuwa da katin asibiti da na shaida cikin leda guda a rataye sama. Ranar da ruwa ya shigo da dare, hannu biyu gare ka, kuma yara za ka ɗauka da su.

Ku matuƙa kwalekwale, tun da aka rufe gada nauyin jama'a ya dawo wuyanku. Ɗan yoyon da kake kwarfewa da gwangwani kana cewa ai ya saba, ba ya raguwa don kansa. Toshe shi da safe kafin lodi. Duba man inji kafin ka bar gaɓa, kada ya mutu maka a tsakiyar ruwa da mata da jarirai a ciki. Ka san iyakar abin da jirginka ke ɗauka, in ya kai, ya kai, ko wane ne ya zo da roƙo. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya nutse a wannan kogin namu, wajen Wara a jihar Kebbi, maƙare da 'yan kasuwa, aka rasa rayuka masu yawa. Allah ya jiƙansu. Ku fasinjoji kuma, in an ba ku rigar ruwa ku sa, in jirgi ya cika ku jira na gaba.

Waya ma ta shiga sahun kayan aiki, kamar sanda da ma'auni. Yawancinmu layi biyu ko uku muke riƙewa, na Benin da na Nijar da na Najeriya. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya rufe shi, alhali lambar ce abokan cinikinka suka sani. Na Najeriya kuma tun Disamban 2020 aka ce sai an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. A nan Benin hukumar ANIP ce ke ba da katin shaida, kuma kati na da ranar ƙarewa a rubuce a jikinsa. Yau da dare ka ciro naka, ka sa a karanta maka ranar. In saura wata biyu ko uku, fara nema yanzu, lokacin da ba ka da tafiya a gabanka.

To, na lissafo ayyuka da yawa, na san wani na cewa: yaro, duk wannan wa zai iya riƙewa? Gaskiya ne, ba a riƙe su da ka. Dabara ake yi, kuma dabarar tana cikin gidajenmu tun da.

Ku dubi yadda inna ke yi da ƙwaryar nono. Ba ta zama ta tuna cewa yau za ta wanke ƙwarya. Tana gama juye nono, hannunta ya kai ga ruwa, ta wanke ta kife a rana. Wankin a manne yake da tatsa, shi ya sa ba ya ɓata. Haka za a yi wa kowane ƙaramin aiki: a rataya shi a jikin wani abu da ba ya tsallake rana. Tatsar safe ta ɗauki duba hantsa da ido da hancin kowace saniya. Shigowar garke da yamma ta ɗauki ƙirga da duba kofato. Bayan sallar isha'i, kafin a shimfiɗa tabarma, a zagaya dangwali da shinge da fitila. Ɗan kasuwa kuma, rufe rumfa ya ɗauki rubuta bashi, kada kwaɗo ya shiga ƙofa sai littafi ya cika. Daren jajibirin kasuwa ya ɗauki cajin waya, ɗinkin buhu, da duba taya da birkin babur. Ganin sabon wata ya ɗauki duba takardu da zagaya mangaza. Hadarin farko na damina ya ɗauki maganar kaska da magudana.

Abu na biyu, kowane aiki a ba shi suna. Idan mai gida ya ce “a duba igiyoyin nan”, yara biyar sun ji, kowa na zaton ɗan'uwansa zai yi, a ƙarshe ba wanda ya yi. Ka kira sunan yaro guda ka ce daga yau dangwali naka ne. Wance, ruwan kaji da na awaki naki ne. Wane, littafin bashi naka ne. Yaro in ya san abu nasa ne yana alfahari da shi, in ya yi daidai kuma a yaba masa a gaban mutane. A nan ina roƙon iyaye maza su duba rabon da kyau. A gidaje da yawa ƙananan ayyukan nan duk kan mace ɗaya suke taruwa: ita ce ruwa, ita ce itace, ita ce tatsa, ita ce tallan nono, ita ce mai tuna ranar rigakafin jariri. In ta kwanta ciwo kwana uku sai gida ya tsaya cik. Samarin da ke zaune gindin bishiya da butar shayi suna da hannu su ma.

Tunda na ambaci shayi, ga ma'auni mai sauƙi. Duk aikin da bai kai tafasar shayin farko ba, kada a ɗaga shi. Ka ga ƙusa ta fito a jikin amalanke, buga ta yanzu. Ka ga bakin buhu ya fara warwarewa, ga basilla ga zare. Maraƙi ya faɗo, a tabbatar ya sha dakashi a sa'o'in farko, a kuma tsabtace cibiyarsa, domin wannan ba ya jiran gobe ko kaɗan. Wanda ya fi ƙarfin tafasar shayi kuwa, kamar zuwa Malanbil neman kati ko gyaran rufin mangaza, a sa masa rana da baki a gaban wani: “Talata in Allah ya kai mu.” In ka faɗa a gaban matarka ko abokin cinikinka, ka samu mai tuna maka kyauta.

Abu na ƙarshe, kada a ɗauko duka rana ɗaya. Wanda ya ji shirin nan ya tashi gobe zai gyara rugga da mangaza da takardu gaba ɗaya, jibi zai gaji ya watsar. Ɗauki biyu. Makiyayi ya ɗauki ƙirgar magariba da zagayen dare. Ɗan kasuwa ya ɗauki littafin bashi da duba ranar kati. In sun zauna a jiki har ka daina jin nauyinsu, sai ka ƙara na uku. Sannu sannu kwana nesa.

Jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Muna so mu ji daga gare ku, musamman dattawan rugga da iyayenmu mata na kasuwa: wace dabara kuke yi don kada ƙaramin aiki ya kuɓuce muku? Wani ƙulli yake yi a igiya, wata tsakuwa take jefawa a ƙwarya. Ku aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba don wasu su amfana. Kafin nan, wanda ke rugga ya ɗauki fitila ya leƙa maruƙansa, wanda ke gari ya ciro katinsa ya duba ranar.

Allah ya tsare mana dukiya, ya zaunar da iyakokinmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.